Baba Na-waye da Sunana a Uwar Shafi

Ofishinmu a saman wani shagon gyaran taya yake. Matakalar siririya ce, in mutum biyu suka haɗu a tsakiya sai ɗaya ya manne da bango. In ka hau, abin da za ka fara gani bokiti ne shuɗi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, yana tarar ruwan da take ɗigarwa. Kusa da bokitin akwai tebur. Ni ke zama a wurin yanzu, amma har gobe in baƙo ya tambayi inda zai ajiye takarda, cewa ake yi, "Sa a teburin Baba."

Baba Na-waye muke ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da aka kawo gabansa, kofi ne da aka manta a taga, caja ce, ko layin kod, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, da ya ƙi aiki, kafin ya taɓa sai ya ture tabarau goshi ya ce, "Na waye?" In ba a sami mai abu ba, abin nan zai kwana inda yake. Dogo, abokin aikinmu, ya taɓa cewa ko gobara ce ta tashi a ofis, Baba sai ya ji ta waye kafin ya ɗauko bokiti.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Yana saurayi aikin haɗa waya ya yi a wani babban kamfani, zamanin da duk kira wuri ɗaya yake shigowa, mutum ya zauna gaban allo mai ramuka yana cusa igiya yana zarewa. Yakan ce aikin duk tambaya ɗaya ce. Mutum zai bugo ya ce a ba shi akawu, alhali gidan cike yake da akawu, sai ka ce masa, akawun wane sashe? Daga nan ya koma buga tafireta, daga tafireta ya koma shagon da ake buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta. Rubuta kod kuwa sai da furfura ta fito masa ya koya, a littattafan babbar 'yarsa, bayan ita ta gama da su ta watsar. Da yatsu biyu yake bugawa, haruffan allonsa manya-manya saboda idonsa, har daga ƙofa kana iya karanta abin da yake yi. In an tsokane shi da nawa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ni kuma in ƙarasa masa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Shi ya raɗa mini Barkono, a makona na farko, bayan ya ji yadda na yi da mai kawo mana intanet a waya. Ban ji haushi ba. Mutumin ne ya nema.

Aikinmu gina shafukan intanet ne, kuma babban abokin cinikinmu wani kamfanin motocin haya ne masu dogon zango. A idon mai shiga shafin ɗaya ne, amma a ciki sassa ne, kowane da mai shi. Dogo ke riƙe da sashen tikiti. Malam Shiru, wanda sai ka yini da shi ba ka ji muryarsa ba, shi ke da sashen direbobi. Nawa sashen aike ne, wato kayan da mutane ke bayarwa a tasha a kai wa 'yan'uwansu wani gari. Baba ba shi da sashe. Abin da ke hannunsa uwar shafi ce: samfuri guda ɗaya mai tambarin kamfani a sama, jerin maɓallai a gefe, lambar waya a ƙasa, da fili a tsakiya. Kowane shafi namu gadonta yake yi, ya cika filin tsakiyar da nasa kayan. In Baba ya gyara abu ɗaya a jikinta ya gyaru ko'ina, in ya ɓata ya ɓaci ko'ina. Shi ya sa yake taɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Doka ɗaya ya kafa mana a kan mahaɗi, wato abin da za ka latsa ya kai ka wani shafi. Ba a rubuta adireshi da hannu. Kowace hanya a ba ta suna, a kira ta da sunan, injin ya nemo adireshin da kansa. "Adireshi gidan haya ne," in ji shi, "yau kana nan, gobe ka tashi. Suna kuwa yana biye da kai."

Dokar ta yi mana rana, har ranar da ta kunyata mu. Akwai wani ɗan kati da duk sassan ke ara a wurin Baba, mai nuna bayani da maɓallai biyu, duba da soke. Dogo ya sa wa hanyarsa ta fasa tikiti suna soke. Ni ma, ba tare da na san ya yi ba, na sa wa tawa soke. Injin kuwa ba Baba ba ne, ba ya tambaya. Wanda ya gani daga ƙarshe shi yake ɗauka. Sai ya zama duk fasinjan da ya zo fasa tafiya, sashena yake faɗowa, a ce ya rubuta lambar kwalinsa. Wani dattijo ya bugo kamfanin motar ya ce a gaya wa masu kwamfuta shi mutum ne, ba kwali ba ne.

Ni da Dogo muka kaure. Ya ce shi ya riga sa sunan, na ce ai ba gadon gidansu ba ne. Baba ya bar mu sai da muka gaji, sannan ya ture tabarau.

"Soke na waye?"

"Nawa," in ji Dogo.

"Nawa," in ji ni.

"To ai kun gama aikin."

Ya jawo allon bugu, da yatsun nan biyu ya sa wa kowane sashe suna a gaba. Hanyar Dogo ta zama dogo:soke, tawa ta zama barkono:soke, na Malam Shiru duk suka ɗauki shiru a goshi. Katin kuma ya koya masa ya duba sashen da yake ciki kafin ya zaɓi hanya. Kafin la'asar komai ya daidaita. Ya ce gyaran wucin gadi ne, gobe za a sa sunayen kirki. Goben nan ta yi shekaru ba ta zo ba.

Duk wanda ya san aikin nan zai gaya maka kuskure ne. Sashe da aikinsa ake kiransa, ba da laƙabin mai shi ba. Mu dai mun saba, har ba ma gani. Sai da aka kawo mana Manaja, mace mai ilimi da tsari, ba ta da hayaniya, ba ta kuma zagaye-zagaye. Ranar da ta fara leƙa uwar shafi ta ga shiru:jeri, sai da ta riƙe baki don dariya. Da dariyar ta wuce ta ce, "Baba, in Dogo ya bar aiki fa? Wanda zai zo ya gaji laƙabin wani?"

"Gaskiyarki," in ji Baba. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Amma sashe-sashe, kowa yana zaune."

Haka aka yi. Ya zauna da Dogo, dogo ya koma tikiti. Ya zauna da Malam Shiru, shiru ya koma direbobi. Nawa aka sa mako mai zuwa. Lokacin ina da ciki wata bakwai, ina hawa matakalar nan ina tsine wa wanda ya gina ta. Kafin makon ya zo naƙuda ta riga shi.

Bakwaini na haifa, mace, 'yar mitsitsiya, in ka ɗora ta a tafin hannu sai ka ji tsoron numfashinka. Aka sa ta a kwalba. Ɗakin kwalaben yana ƙarshen wani dogon baranda, da gilashi a gaba, da benci a waje inda iyaye mata ke zama. Kafin ka shiga sai ka wanke hannu har gwiwa. Na'urori suna ta ƙara, kowace da muryarta, har na iya bambanta ta 'yata da ta maƙwabciyarta. Aikina ya zama tatsar nono a ɗan kofi, da kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Maigidana malamin makaranta ne, in ya tashi daga aji ya biyo da abinci, mu zauna a bencin mu ci.

Hutun haihuwata ya ƙare tana kwalba. Manaja ta ƙara mini, shi ma ya kama hanyar ƙarewa. Sai ga sabon abokin ciniki, wani kamfanin masu babur da ke kai saƙo cikin gari, suna son sashen aike irin na tasha sak. Manaja da kanta ta kira ni.

"Ba zan ɓoye miki ba," ta ce. "Aikin nan ba zai jira ba. Muddin sashen yana da mai shi, yana tafiya, ba ruwana. In ya tsaya dole in ɗauki wani, kuma kin san ba ni da kujera biyu."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin, shi ya fi ciwo. Sashen nan da hannuna na gina shi tun daga layin farko, kuma shi ke riƙe da rabin gidanmu. Amma ko mene ne za a ba ni, ba zan bar bencin nan ba. Na kashe waya na zauna ina kallon gilashi, na san aikin ya tafi, lokaci kawai ake jira.

Washegari da hantsi, bayan likitoci sun gama zagaye, waya ta yi ƙara. Baba ne.

"Barkono, ya mai jiki? Ya 'Yar Kwalba?"

"Da sauƙi, Baba."

"Allah ya ƙara sauƙi. Tambaya gare ni. Maɓallin nan na 'an karɓa', kore kike so ko shuɗi?"

Na cire wayar daga kunne na dube ta. "Baba, ko wanne."

"A'a. Ba nawa ba ne. Kore ko shuɗi?"

"Kore."

"Madalla. A gaida maigidan."

Bayan kwana biyu ya sake bugowa. In mai aike bai sa lambar wayar mai karɓa ba, a bar shi ya wuce ko a tare shi? Wani lokacin kuma, jerin kaya sabo ne a sama ko tsoho? Tambayoyin da ya san amsarsu tun kafin in iya kunna kwamfuta. Kullum da hantsi, kullum da gaisuwa iri ɗaya, kullum ya rufe da madalla. Matan benci har sun gane, in waya ta yi ƙara sai su ce, ga babanki nan. Ni kuwa raina ɓaci yake. Na ce wa maigidana tsufa ya fara taɓa Baba, ko kuma bai san abin da ake nufi da asibiti ba. Maigidana ya ce, "Ke dai amsa masa." Na ce ai shi ba shi ake kira ba.

Wata ranar Asabar da yamma sai ga shi da kansa, da jakar kwamfuta a kafaɗa da ledar lemo a hannu. Ya tsaya gaban gilashi ya daɗe, ya ture tabarau, ya mayar, ya ce bai ga komai ba sai bargo. Na nuna masa ƙafarta. Ya ce, "Wannan ai ƙafar mai faɗa ce, ta gado."

Muka zauna a benci, ya buɗe kwamfutar a cinya.

"Yau ta gaske na kawo," ya ce. "Ban kwafi sashenki ba. Kod ɗin ɗaya ne, na kafa shi gida biyu, na tasha da na masu babur. Shafukan ciki duk sunan aike suke kira, injin ya duba gidan da yake tsaye ya ba da hanyar gidan. Wannan lafiya lau."

"To ina matsalar?"

"Uwar shafi. Jerin maɓallan gefe. In mutum yana shafin Dogo yana sayen tikiti ya latsa aike, ba ya cikin gidan tasha, ba ya cikin na babur. Sai injin ya ɗauki na ƙarshe. Jiya a gwaji, mai son aika buhu gari mai nisa ya tsinci kansa gaban ɗan babur."

Na karɓi kwamfutar. Rabona da taɓa allon bugu tun kafin haihuwa. Na bi shafukan da ya buɗe mini ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da yake faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"A ciki ku bar shi ya zaɓa," na ce. "Amma a uwar shafi kada ku ce aike kawai. Ku kira gidan tasha da sunansa kai tsaye. Masu babur kuma a ba su nasu jerin, su cika gurbin da kansu."

"Da sunansa kai tsaye," ya maimaita. "To."

Ya rufe kwamfutar. Ni kuwa sai na ji wani abu da na manta da shi, na ji ni ce. Tun da na shigo asibitin nan maman jaririya ake ce mini, ba wanda ya tambaye ni abin da ni kaɗai na sani. Na ɓare lemo, na ba shi rabi.

A nan ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa a ofis ba. Zamanin da yake haɗa waya, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya tafi jinya. Kowane mai haɗa waya yana da kujerarsa, da 'yar takarda manne a bayanta mai sunansa. Jinyar ta ja. Da ya dawo, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa faɗa. Ya dai tarar an ɓare takardar, an manna wata.

"Saurin ɓarewar ne ya dame ni," ya ce. "Gam ɗin ma bai gama fita ba, ana ganin shatinsa a ƙarƙashin sabuwar." Ya tofar da ƙwallon lemo a hannu, ya nemi kwandon shara. "Ba su yi laifi ba. Waya ba ta jira. Na dai so a ce wani ya tambaya."

Na ɗauka labarin tsofaffi ne, irin wanda suke bayarwa in sun ga benci.

Mako na gaba jikin yarinyar ya rikice. Zazzaɓi ya shige ta, aka mayar mata da robar hanci da aka cire, aka hana ni ɗaukarta. Likita ya yi mini magana a tsaye, da irin muryar da ba ka son ji. Ina fitowa, hannuna ko bushewa bai yi ba, waya ta yi ƙara.

"Barkono, ya mai jiki? Tambaya gare ni. Rasit ɗin masu babur..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce masa 'yata tana tsakanin rai da mutuwa shi yana maganar rasit. Na ce su yi yadda suka ga dama da sashen, su ba wanda suke so, su goge shi ma in sun so. Na ce ya gaya wa Manaja ta ɗauki wani, na bar aikin, kada a sake kirana. Har wata nas ta leƙo.

Sai Baba ya ce, "Halo? Barkono? Layin nan ba kyau. Ban ji komai ba. Allah ya ba ta lafiya." Ya kashe.

Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana jin muryoyi ta igiyar da ɓera ya ci. Ko a lokacin, cikin kukan, na san ya ji.

Bai bugo washegari ba, bai bugo jibi ba. Sai saƙo kawai, kullum da hantsi: ya 'Yar Kwalba? Ranar da na amsa masa cewa zazzaɓin ya sauka, ko minti biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara.

"Alhamdu lillahi. To, rasit ɗin nan, tambarin a sama ko a ƙasa?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce a sama.

Allah ya tashi kafaɗarta. Ta fara shan nono da bakinta, ta yi kumatu, aka fitar da ita daga kwalba, aka sallame mu. Na ƙara zama a gida har ta yi ƙwari, ƙanwar maigidana ta zo ta zauna da mu. Ranar da zan koma ofis ban gaya wa kowa ba. Manaja ba ta sake kirana ba tun wancan kiran, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. A raina na shirya cewa zan tarar da baƙuwar fuska a teburina, in gaisa, in kwashe kofina da 'yar fulawar roba da ke kan allo, in sauko da mutuncina.

Mai gyaran taya ya gan ni ya ɗaga guduma ya yi mini barka. Na hau matakala. Bokiti yana nan. Teburina yana nan, kofina a kife yadda na bar shi, an dai goge ƙura. Dogo ya yi ihu, Malam Shiru ya ce "Sannu," wanda a wurinsa huɗuba ce. Baba ba ya nan, ya sauka sayen maganin ɗigawa a ido.

Manaja ta kira ni ɗakinta, ta rufe ƙofa.

"Masu babur sun karɓi aikinsu tun watan jiya," ta ce. "Zauna mana."

Na zauna a bakin kujera.

"Kowane taron mako sai in tambayi sashen aike. Sai Baba ya ce, na tambayi mai shi, ta ce kore. Na tambayi mai shi, ta ce a tare shi. Na tambayi mai shi, ta ce a uwar shafi a kira gidan da sunansa. Ni na ce in sashen ya rasa mai shi zan ɗauki wani. To ta ina zan ce ya rasa?" Ta girgiza kai. "Aikin hannun shi ya yi. Kafin mai taya ya buɗe shago yake zuwa, da idon nan nasa. Amma ko waƙafi bai sa ba sai ya ce ke kika ce."

"Bai gaya miki na ce na bar aiki ba?"

"Kin ce haka?"

"Na ce."

"To ni ban ji ba. Shi ma na tabbata bai ji ba." Ta yi murmushi. "Na san abin da yake yi, shi ma ya san na sani. Abu ɗaya ne ya rage tsakanina da shi. Je ki, ga shi can ya dawo."

Yana zaune a teburinsa, kansa a ɗage, yana ɗiga magani. Ya ƙifta, ya mayar da tabarau, ya dube ni sama da ƙasa kamar jiya muka rabu.

"Barkono. Kin rame. Ina 'Yar Kwalba?"

"Tana gida, Baba. Ta fi ƙarfin kwalba yanzu."

"Madalla. Jawo kujera."

Ya juyo mini da allon. Uwar shafi ce a buɗe, da haruffan nan nasa manya. Jerin maɓallan gefe: tikiti:saya, direbobi:jeri. A ƙarƙashinsu, layin da na ce a kira gidan tasha da sunansa kai tsaye. Sunan da gidan yake da shi tun ranar faɗana da Dogo, ba a taɓa shi ba: barkono:jeri. Ni na ɗauka an canza shi tun ina ɗakin haihuwa. Ashe duk watannin nan, kowane fasinja da ya latsa aike, a kowane shafi na kamfanin, ta sunana injin yake bi ya nemo hanya.

"Manaja ta ce a mayar da shi tasha," in ji Baba. "Gaskiyarta ne. Kullum sai ta tuna mini, kullum in ce ban tambayi mai shi ba tukuna."

"Kun tambaye ni launin maɓalli, Baba. Kun tambaye ni rasit."

"Na tambaya."

"Wannan fa?"

"Wannan ba a waya ake tambayarsa ba."

Sai na tuna kujerar nan da shatin gam. Na gode masa daga baya, sau da yawa, har ya ce in na sake zai daina amsa gaisuwata. Yanzu ya yi ritaya, idon ya ƙi, yana gida da jikoki, ni ke riƙe da uwar shafi, kuma har yanzu ban ga abin da zan yi masa ya kai ba. Amma a ranar, kuka kawai na yi, a gaban Dogo, abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Baba ya jira na share fuska. Ya kai alamar rubutu kan sunan, ya ture tabarau goshi.

"Na waye?"

"Nawa ne."

"To ga mai shi ta zo." Ya turo mini allon bugu. "Suna ya gama aikinsa. Cire shi da hannunki."

Na goge haruffan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta tasha, na gyara ɗaya wurin da aka kafa gidan. Muka gwada daga shafin Dogo, ya kai mu inda ya kamata. Baba ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗauko wata 'yar leda. Takalmin jarirai ne a ciki, na saƙa, kore.

"Tun ranar da kika nuna mini ƙafar na saya," ya ce. "Na ce sai mai shi ta zo."